Daro Ɗaya a Hayin Iyaka

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a bakin famfo a tare ni, har mai kayan miyan layinmu a Lamorde, nan Mubi, sai da ya ce, “Hajja, an ce ka je ƙasar waje.” Ƙasar wajen da in mutum ya hau duwatsun bayan Gella yana hango hayaƙin girkinsu! Masu jiran tsarabar sabulu da turare su yi haƙuri, ban kawo komai ba. Ƙawayena ne suka fi matsa mini, wai na dawo na rame kuma na yi shiru, ni da suke kira rediyo mai jini. To ga labarin, in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san ni ba, aikina wayar da kan jama'a kan kiwon lafiya, a ƙarƙashin wata ƙungiya da ba sai na ambaci sunanta ba. 'Yan shekarun baya aka ba mu shirin yaƙi da amai da gudawa a ƙauyukan bakin iyaka. Muka zauna a ofis ƙarƙashin fanka muka tsara shi tsaf: a koyar da wanke hannu da sabulu, a raba ƙwayar tsabtace ruwan sha, a ajiye garin gishiri da sukari a hannun mace ɗaya a kowane ƙauye. In shiri ya zauna sai a aiko masu auna aiki su duba. In sun gamsu sai a “yaye” ƙauyen, wato a daina kai masa kaya da ziyara, a matsa gaba.

Akwai ƙauyen da zan kira Ƙasan Dutse, don ba na son a riƙa nuna mutanensa da baki a kasuwa. Su ne 'yan gaban goshinmu. Masu auna aiki sun zo daga Yola da bazara, suka bi gida-gida suna tambaya, suka ga buta da sabulu a ƙofar kowa, yara suka rera musu waƙar wanke hannu, aka ba su abinci suka ci. Suka koma suka ce ƙauyen ya isa yaye, aka sa mitin ɗin tabbatarwa can cikin damina. Duk abin da muke yi da rani muke yin sa, tsari da koyarwa da dubawa, don lokacin ne mota ke iya shiga. Ita kuwa gudawa da damina take zuwa. Kuma da damina rabin Ƙasan Dutse ba ya gida, suna can zaman gona a hayin iyaka, wajen 'yan uwansu. Kowa a ofis ya san haka, amma taswirar shirin a bakin iyaka ta tsaya.

Wata ranar Talata waya ta shigo mini daga Saratu, matar da ke riƙe da kayanmu a ƙauyen. Sai ta hau dutse take samun sabis, muryarta tana yankewa.

“Anti, yara suna zawo a gona. Na Yakubu ya tafi, na Hauwa ya tafi. Kaya ya ƙare. Ka gaya wa oga kar ya yaye mu.”

Na tafi ofishin Oga Filibus ko jaka ban ajiye ba. Mutumin kirki ne, sai dai tsoron na sama ya cinye shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Hajja, gonar nan a wace ƙasa take?” Na ce yaran dai namu ne. Ya daɗe yana juya biro, daga baya ya ce ba zai iya tura motar ofis ba, amma in na je na gani da idona, na dawo kafin mitin na faɗa, zai tsaya mini a ɗage yayen. Ya sa aka ɗauko mini katon ɗaya, wato kwali, na gishiri da sukari da ƙwayar ruwa daga sito. Da wannan alkawarin na kama hanya, a matsayin mai hutu.

Bas ɗin Gella ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ta. An cusa ni tsakanin wata mai jarkar man gyaɗa da wani mai buhun taki, katon a kan cinyata, ƙafata ɗaya ban san inda take ba sai da muka sauka. A Gella ne aka ci mini fuska. Samarin 'yan acaɓa suka dube ni, suka dubi katon, suka dubi sama inda hadari ke haɗuwa, ɗaya ya ce ai wannan lodi biyu ne. Na ce masa uwarsa ma ba sillan kara ba ce. Ana cikin dariya wani dattijon Bafulatani ya turo babur ɗinsa, wanda na tabbata ya girmi ɗana na fari, ya ce sunansa Bappa Hammadu, zai kai ni in Allah ya yarda.

“Hajja, ka riƙe ƙarfe da kyau. Kar ka riƙe ni, ina da alwala.”

Hanyar ba hanya ba ce, wurin da ruwa ya bi ne ya bar duwatsu. Inda ta yi tsayi in sauka in taka, inda ta yi laka in sauka in tura. A wata gangara tayar baya ta zame, muka kwanta mu uku, ni da shi da babur, cikin jan taɓo. Bappa ya miƙe ya nufi babur ɗinsa, ya shafa shi, ya duba fitila, ya murɗa hannu ya ji yana numfashi, sai a sannan ya waiwayo ya ce, “Hajja, ka ji ciwo?” Ban ji ba, kuma katon yana cikin leda bai jiƙe ba. Wasu mata masu dawowa daga gona suka kai ni bayan wata bishiya suka taya ni goge zani da ganye, suna dariya da yarensu.

Iyakar ita ce gora ɗaya da aka gicciya kan duro biyu. Jami'an ɓangarenmu suka tambaye ni ina zuwa, na ce dubiya, suka ce in gaishe da mai jiki, a kawo musu goro in an dawo. Gaba kaɗan sai nasu. Jandarma ne dogo, kakinsa a goge kamar ranar aka ɗinka, ba ya dariya kuma ba ya jin Hausa. Yana Faransanci, ya juya Fulatanci, Bappa yana fassara mini. Ya nemi katin allurar shawara, na miƙa masa ina taƙama, don ni ba a kama ni a nan. Sai ya sa wuƙa ya buɗe katon.

Ya ce magani ba ya shiga ƙasarsu sai da takarda daga Garwa. Na ce wannan ba magani ba ne, gishiri ne da sukari. Ya ce to me ya sa aka zana yaro marar lafiya a jikinsa? Na yi roƙo, na yi fushi, na sake yin roƙo, na nuna masa katin aikina. Ya ture katon ƙarƙashin teburinsa, ya ce in na dawo in ɗauki abina, ko ƙulli ɗaya ba zai ɓata ba. Da ya sunkuya yana rubutu na durƙusa kamar ina gyara takalmi, na damƙi abin da hannuna biyu suka iya na cusa cikin zani. Ya gan ni sarai. Ya juya ya kalli dutse har na gama. Da muka yi nisa Bappa ya tofar da yawu ya ce, “Ciwo kam ba wanda ya tambaya shi takarda.”

Yamma ta yi mana a wani garin kasuwa, Bappa ya kai ni masaukin da suke kira oberj. Ɗaki ne da gado da bokiti, ga mashaya a jikin bango, kiɗansu mai saurin nan yana girgiza ƙofa. Abincin dai ba laifi. An kawo mini tuwon masara da miyar da suke kira folere, na ɗanɗana na ji ashe yakuwarmu ce aka dama da gyaɗa, ta canza suna don ta tsallaka iyaka. Da safe kuma na ga abin mamaki. Wata mata tana tsaga burodi mai tsawo kamar sandar makiyayi, ta ɗura masa wake da taliya da yaji, mutane suna ci a tsaye da kofi. Ɓawonsa sai da ya fasa mini dasashi. Ga mata suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya, ba mai ko waiwayensu. A Mubi da an biyo su da ihu har gida.

Na ce kafin in wuce bari in ga asibitin garin, ko za su taimaka. Na isa da tsakar rana na tarar da shi a kulle, wai sun tafi cin abinci, haka suke yi kullum. Na zauna a dakali ina mita, sai na tuna mu a gida ba ma rufewa da rana, zuwan ne ba ma yi. Daga baya ma'aikaciyar ta dawo, wata Madam Odil, mai fara'a, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Fara'ar ta tafi.

“Mutanen gona naku ne,” in ji ta. “Ana kawo mini kaya daidai mutanen da an ƙirga. Su ba a ƙirga su ba. In sun zo ba zan kore su ba, amma akwai mayo a tsakani.”

Na tambaye ta ko su ma ana zuwa auna musu aiki. Ta ce ƙwarai, daga Garwa, kowace shekara. Na ce yaushe? Ta ce da rani mana, wa zai zo nan da damina? Muka kalli juna muka yi dariya, irin dariyar da ake yi a gidan makoki.

A bakin mayo, wato rafin da ya raba garin da gonaki, Bappa ya ajiye ni, ya ce zai riƙa leƙowa har in fito. Ruwan ya kai mini ƙirji. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya ɗora jakata a ka, ya miƙo mini sanda na riƙe, muka haye ina karanto duk addu'ar da na sani. Daga nan sai hawa, cikin masara da gyaɗa, har muka iske bukkokin.

An karɓe ni kamar amarya. Saratu ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta rame sosai. Autarta Rahila, 'yar shekara huɗu mai gibi, ta kama gefen zanina ta ƙi saki. Surukin Saratu, Baba Ishaya, shi ne babban gidan, ya sa aka yanka kaza. Gida ne babba, 'ya'yansa da jikokinsa da na ƙanensa marigayi, wasu Kiristoci wasu Musulmi, duk tukunya ɗaya. Da aka kawo abinci aka shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai, Saratu ta zo da buta da sabulu sabo a takardarsa, ta zuba mini ina wankewa, yara suka jeru suna rera waƙarmu. Na duba randar ruwan sha, a rufe, da moɗa mai hannu. Na duba inda suke zagawa, nesa da bukkoki. Wallahi har na fara jin sanyi a raina, na ce to ko dai ƙarewar kaya ce kawai matsalar. Ƙullin da na ɓoyo na raba su ranar a bukkoki uku masu yara a kwance.

Niyyata in kwana in juya. Sai sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke ya dawo, mayo ya cika ya tumbatsa yana tafiya da itatuwa. Ba mai hayewa, ko maza. Na zauna.

An ce baƙo raɓa ne. To in raɓa ta ƙi bushewa sai a gaji da lallaɓa ta. Kaza ta ƙare, tabarmata ta koma wajen mai ita, aka daina kirana Malama aka koma Anti. Na koma madafa wajen mata ina taya su ɓarar gyaɗa, kuma a nan na fara cin abinci. A nan ne na ga daron.

Daro ne na silba, ya lotsa a gefe. Da aka sauke tuwo Saratu ta zuba masa ruwa rabi, ta ɗora sabulu a kan murfi, ta kai rumfar maza. Baba Ishaya ya fara tsoma hannu, ya goga sabulu, ya cuɗa har tsakanin yatsu yadda na koyar, ya ɗauraye a ciki. Na biye da shi ya karɓa ya yi haka, sannan na biye, babba kafin ƙarami, mutanen da suka yini da fartanya da taki, wasu sun yini suna jinyar masu zawo. Aka dawo da daron madafa, mata suka bi layinsu, uwar gida kafin amare. Ya zo gabana na riƙe hannuna a cinya. Daga ƙarshe aka ajiye wa yara. Ruwan ya koma kamar kunun kanwa, kumfa tana yawo a kai. Suka tsoma hannuwansu gaba ɗaya, suna rera waƙar, suka juya kan tuwo.

Na ja Saratu bayan bukka. Na ce kullum haka kuke yi? Ta dube ni da mamaki.

“Kowa yana wankewa, Anti. Da sabulu. Ko ɗaya ba ya ci bai wanke ba.”

Na ce ina butar? Ta ce buta ta baƙo ce, sai kuma masu alwala. Na ce a can gida fa, a Ƙasan Dutse? Ta ce can ma haka ne, sai dai da rani ciwo ba ya da yawa. Shekara da shekaru ina shiga gidajen nan ban taɓa gani ba, masu auna aiki ma ba su gani ba, don duk wanda ya zo daga cikinmu baƙo ne, kuma baƙo ba a haɗa shi da daro. Mutuncin da suke yi mana shi ya rufe mana ido. Mun tambaye su ko suna wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, suka ce e, kuma ba su yi ƙarya ba.

Washegari na sami Baba Ishaya a rumfarsa yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na bi a hankali, na yabi gidansa, sannan na kawo maganar. Na ce Baba, ciwon yana bin ruwan daro daga hannun manya zuwa bakin yara, a riƙa zuba wa kowa nasa ya zube a ƙasa. Ya saurare ni bai ɗago ba. Da farko ya kawo maganar ruwa, ya ce in dubi matan nan, su yi noma su hau dutse da tulu, a ce kuma kowane yaro sai an zuba masa nasa? Na ce ruwan daron nan in aka sa a buta zai ishi kowa. Sai ya ajiye fartanyar.

“'Yata, ka ga wancan? Yana zuwa coci. Wancan yana zuwa masallaci. Uba ɗaya ya haifa kakansu. Lokacin tashin hankali gidaje nawa ya rabu a ƙasan nan? Nawa bai rabu ba. Ba ma salla tare, ba ma azumi tare. A daro ne muna haɗuwa. Yaro da ya ƙi ruwan hannun ubansa, ya ce ubansa ƙazami ne, ko maye. In na raba ruwa yau, gobe za su raba tukunya.”

Na ce Baba, yara suna mutuwa. Ya ce ya sani, shi ya haƙa ramin biyu daga ciki. Sannan ya roƙe ni abu ɗaya, kada in je Mubi in ce Ƙasan Dutse ƙazamai ne. An riga an gaya wa ƙauyukan maƙwabta su ne na ɗaya, an ce za a kafa musu allo a bakin hanya. Na tashi na koma madafa.

Na yi ta bin matan ɗaya-ɗaya. Kowace ta ce gaskiya ne, Anti, kowace kuma in an sauke tuwo sai ta miƙa wa ɗanta daro, don ba wadda za ta fara. Ban taɓa jin rashin amfanin bakina irin na kwanakin nan ba.

Sai Rahila ta kwanta. Da hantsi ta fara, zawo fari kamar ruwan shinkafa, kafin azahar idonta ya zurma. Ƙulli ba sauran ko ɗaya, na riga na rabar. Muka bi bukkoki neman sukari, aka samo ɗan ragowa a gindin gwangwani, na haɗa da gishiri da dafaffen ruwa ina ba ta da cokali, tana sha tana dawo da shi. Ƙarin ruwa take buƙata, na kuwa san inda yake, yana can hayi a kabad ɗin Madam Odil. Uban Rahila ya saɓa ta a kafaɗa muka gangara mayo. Ruwan yana ruri, ya shiga har wuya da igiya a ƙugu, 'yan uwansa suka jawo shi da ƙyar. Ina hango Bappa a ɗaya gaɓar yana ɗaga mana hannu, ba ma jin abin da yake faɗa. Muka dawo da ita. Washegari da safe, rana ta fito fes kamar ba ta san komai ba, yarinyar ta cika a cinyar uwarta.

A gefen gonar gyaɗa aka binne ta. Musulmin gidan suka haƙa, Kiristocin suka yi waƙa. Da aka dawo aka kawo abincin makoki, aka kawo daron, ya zaga yadda ya saba.

Da ruwa ya ja na haye. Bappa bai tambaye ni komai ba, ya ga fuskata. A iyaka jandarman ya jawo katon daga ƙarƙashin tebur ya miƙo mini, ya nuna mini da yatsa cewa ba a taɓa ba. Na roƙi Bappa ya ajiye shi a Ƙasan Dutse, ko wani zai ratsa da shi ta dutse, ta inda ba gora. Hanyar dawowa ban tuna komai nata ba, sai dai ban faɗi ba.

Na riski mitin ɗin. An jera kujeru da ruwan gora da biskit, shugabar masu auna aiki ta zo da kanta. Na tashi na faɗi duk abin da na gani, ban ce ƙazamai ba, ban kuma rage komai ba. Ta saurare ni da kyau, har ta cire tabarau. Sannan ta tambaye ni ko mace-macen a cikin yankin shirin suka faru. Na ce a'a. Ta ce mutanen suna wanke hannu da sabulu kafin cin abinci? Na ce suna yi, amma. Ta ce ta fahimci amma ɗin, sai dai abin da aka tsara a auna tun farko shi aka auna, ba a canza mudu bayan an gama awo. Oga Filibus ya cika alkawari, ya miƙe ya roƙa a ɗage zuwa bayan damina. Sai aka gaya masa abin da ban sani ba: masu ba da tallafi suna jiran su ga ƙauyen da aka yaye kafin su sabunta shirin, in ba a nuna ko ɗaya ba sauran ƙauyukan ma za a rufe. Ya zauna. Aka ce maganata darasi ce mai muhimmanci, za a tuna da ita in an zo tsara shiri na gaba. Aka yaye Ƙasan Dutse, aka tafa.

Ba na zagin kowa, don na duba ban ga mugu a cikin labarin nan ba, kuma wannan ne ya fi kashe mini jiki. Da akwai mugu da na san wanda zan riƙe wa wuya.

Ranar kasuwar da ta wuce Saratu ta zo Mubi sayar da ɗanyar gyaɗa, ta biyo ta gidana. Na yi mata gaisuwa, na kawo abinci, ta zauna tana kallonsa. Can ta ce tun bayan Rahila ta daina ba 'ya'yanta biyun da suka rage ruwan daro. Tana jan su bayan rumbu ta zuba musu da moɗa. Na yi wuf na kama hannunta, na ce Allah ya yi miki albarka, ko ke kaɗai ce an samu. Ta zare hannun a hankali.

Ta ce an gan ta. Baba Ishaya bai yi faɗa ba, ya dai ce tunda hannun gidansa ya yi mata ƙazanta, a ware mata tukunya. Matan da suka yi shekaru suna ci kwano ɗaya yanzu in ta zo sai su yi shiru. Yaranta ba a kiransu in an sauke tuwo. Mijinta yana ci a rumfar maza, in ya shigo ba ya duban ta.

“Mu uku muna ci a bayan rumbu, Anti. Yaran suna tambaya laifin me sun yi.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Ni na yi abin da ka ce. Yanzu ka gaya mini, in ci gaba, ko in mayar da su daro?”

Shekara da shekaru ina tsayawa gaban taro da lasifika, ba a taɓa yi mini tambayar da na rasa amsarta ba sai ranar nan. Ta jira ni har aka kira la'asar, sannan ta ɗauki buhunta ta ce bari ta je kada motar Gella ta cika.